Ƙaro: Daga Kurtun Tawada Zuwa Jijiyar Jini

A makarantun allo na Jabo da Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe, haɗa tawada na cikin abubuwan da almajiri ke koya tun karatunsa bai yi nisa ba. Zai samo gawayi mai kyau ya daka, ya niƙa shi har ya yi laushi, ya zuba ruwa. Idan ya tsaya a nan, bai yi tawada ba. Kafin a idar da sallar la'asar baƙin ya kwanta a gindin kurtu, ruwa ya taso sama garau, abin da aka rubuta a allo kuma da ya bushe sai ya kakkaɓe. Dole sai an jiƙa ƙaro an haɗa. Da shigarsa sai baƙin ya tsaya cikin ruwa, ya bi bakin alƙalami sumul, ya kama allo. Wannan ita ce tawadar da alarammomi ke kira zuge.

Ƙaro ba shi ne ke ba da launi ba. Aikinsa ɗauka ne: yana lulluɓe kowace ƙwayar baƙi, ya hana ta mannewa da 'yar uwarta, ya kai ta inda ake so, ya riƙe ta a can. Irin wannan aiki na ɗaukar ƙanƙanin abu a kai shi muhallinsa lafiya shi ne a yau ya fi ci wa masu binciken maganin cututtukan gado tuwo a ƙwarya. Tarihin da ya kai su inda suke kuwa, idan aka bi shi a tsanake, ya ratsa ta gindin itacen dakwara fiye da sau ɗaya.

Yankin da Jabo take, kudu da Sakkwato daf da ƙasar Gwandu, yanki ne da aka sha tawada a cikinsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa yana karantarwa yana rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Abdullahi yana Gwandu, Muhammadu Buhari ɗan Shehu kuma gidansa ne ya riƙe Tambuwal. Littattafan da Shehu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka wallafa, har da waɗanda Bello ya yi a kan magani, duk da hannu aka yi ta kwafarsu gari gari. Takardar baƙuwa ce. Mafi yawanta daga Italiya take zuwa ta Tarabulus da Alƙahira, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta a haske. Tawadar kuwa 'yar gida ce. Akwai ta gawayi ko kunkunniya, akwai kuma wadda ake dafawa da 'ya'yan bagaruwa, waɗanda majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da su. Wanda ya leƙa tsofaffin rubuce-rubucen da ke ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato zai ga baƙin da ya haura shekara ɗari da hamsin yana nan daram a kan takarda.

Wata siffa ta ƙaro ta dace da karatun allo matuƙa: ko ya bushe, ruwa na sake narkar da shi. Shi ya sa ake wanke allo a ɗora sabon karatu, shi ya sa kuma rubutun sha ya yiwu, tunda abin da ke cikinsa gawayi ne da ƙaro, ba guba ba. Masu wankin hula ma sun san shi, da shi hula ke tsayuwa ta yi ƙyalli.

Itatuwan da ke ba da shi ba ɗaya ba ne, kuma 'yan kasuwa sun jera su daraja daraja. Na dakwara shi ne lamba ɗaya, dunƙule ne mai tauri da haske. Na dushe lamba biyu, ya fi saurin farfashewa. Sauran, irin na ciriri da makamantansa, lamba uku. Yaran da ke kiwo a dazukan Kebbe sun san ƙaron marke da ake ɓantara a tauna. Dakwara tana son tudu mai yashi da ƙarancin ruwa, kuma ba ta zubar da ƙaro sai ta ji jiki. Bayan ɗaukewar damina, idan ganye ya fara zuba, sai a ɓare ɗan siririn ɓawo a reshe, a bar wurin. Itacen zai fitar da ruwa mai yauƙi don ya toshe raunin, iskar hunturu ta busar da shi, bayan mako huɗu zuwa shida a dawo a tsinta. Abin da itace ɗaya ke bayarwa a shekara yawanci bai kai rabin kilo ba. Sana'a ce ta mai haƙuri da ƙaya.

Duniya ta daɗe da sanin darajarsa. Misirawan zamanin Fir'auna da shi suke haɗa tawada da fenti. Turawa sun fara samunsa ta tashoshin jiragen ruwan Larabawa, daga baya suka gano hanyar bakin kogin Senegal. A ƙarni na 18 masaƙun Ingila da Faransa ba sa iya buga zane mai fure sai da shi, domin shi ke sa rini ya yi kauri ya tsaya inda aka ɗora shi. Kwaɗayin ƙaro na cikin dalilan da suka sa Ingila ta ƙwace garin Saint-Louis daga hannun Faransa a 1758, Faransawa kuma ba su huta ba sai da suka karɓe shi a 1779. Daga baya kasuwar ta karkata gabas, zuwa Kordofan ta Sudan, musamman da jirgin ƙasa ya isa El Obeid wajen 1912. Alhazan ƙasar Hausa da suka tafi Makka a ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur, ta tsakiyar waɗannan dazukan dakwara suka wuce. Har yau Sudan ce ke kan gaba da nisa, Chadi da Nijeriya na biye. Ƙaro ne ke hana man ɗanɗano rabuwa da ruwa a cikin lemon kwalba, kuma lambar E414 da ake gani a jikin kayan ci da sha sunansa ne. Ko da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, sai da aka nemo wa ƙaro mafita.

Ƙasar Sakkwato ba ta ci wannan kasuwa yadda ya kamata ba, kuma dalilin a fili yake. A zamanin ayari, raƙumin da zai ƙetare sahara kirgi da tufafi da gashin jimina ake ɗora masa, kayan da suka fi tsada a kan nauyinsu. Da Turawa suka shimfiɗa dogo, ya isa Kano a 1911, ya kai Kauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, amma bai taɓa isa Sakkwato ba. Nguru ce ta zama matattarar ƙaron da ake turawa Legas, shi ya sa har yau Yobe da Borno da Jigawa ake ambata idan ana zancen sana'ar, tashar binciken ƙaro ta gwamnatin tarayya ma a Gashuwa take. A nan yamma ƙaro ya tsaya a matsayin kayan 'yan koli, ana auna wa malami da mai wankin hula. Shirin dashen itatuwa na Babbar Katangar Afirka, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 kuma Sakkwato da Kebbi na cikin jihohinsa, ya sake ɗaga sunan dakwara. Sai dai gatarin masu gawayi bai tsaya ba, rashin tsaro kuma ya sa shiga daji ya zama kasada a sassa da yawa na jihar.

A ɗakunan binciken Turai kuwa, ƙaro ya yi wata tafiyar daban. A farkon ƙarni na 20 Richard Zsigmondy yana aiki a Jamus a kan ruwan da aka watsa ƙananan ƙwayoyin zinariya a ciki. Ruwan ja ne. Idan aka zuba gishiri, ƙwayoyin su dunƙule, launin ya koma shuɗi. Ya lura cewa ɗan ƙaro ko jelatin kaɗan na hana hakan faruwa, har ya ƙirƙiro ma'aunin gwada ƙarfin kowane mai tsaro. Abin da ya auna da zinariya shi ne abin da ke faruwa a kurtu da gawayi. An ba shi kyautar Nobel a 1925. A daidai wannan zamani, a 1920, Hermann Staudinger ya kawo hujjar cewa abubuwa irin su roba da sitaci da auduga dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan sinadarai da aka jera ɗaya bayan ɗaya, kamar 'ya'yan carbi a zare. Su ake kira folima. Ƙaro ma folima ne, na sukari iri iri masu rassa da ɗan furotin a tsakiya.

Har cikin jini ya taɓa shiga. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji da yawa na mutuwa saboda zubar jini, ruwan gishirin da ake ɗura musu kuma ba ya zama a jijiya, nan da nan yake tsiyayewa cikin tsoka. William Bayliss na Landan ya ba da shawarar a narka ƙaro, kashi 6 cikin ɗari, a ruwan. Manyan sarƙoƙinsa ba sa iya fita ta bangon jijiya, don haka suna riƙe ruwan a ciki. An yi amfani da shi a asibitocin fagen daga a 1918. Bayan wasu shekaru aka daina, da aka ga yana taruwa a hanta. Darasin da likitoci suka ɗauka a nan yana aiki har gobe: duk abin da aka sa ya ɗauki magani cikin jini, dole a san yadda jiki zai rabu da shi bayan ya sauke kayansa.

Mataki mafi muhimmanci ya zo ne daga Holan. A 1929 Bungenberg de Jong da Kruyt suka bayyana abin da ke faruwa idan folima biyu masu cajin lantarki mabambanta suka haɗu a ruwa, kuma misalin da ya shahara a aikin shi ne jelatin da ƙaro. A ruwa mai ɗan tsami jelatin na ɗauke da caji mai alamar tarawa, ƙaro kuma mai alamar ɗebewa. Sai su jawo juna, su ware daga ruwan, su zama 'yan ɗigo masu kauri da ke iya naɗe duk abin da suka tarar. A Dayton ta Amurka, Barrett Green na kamfanin NCR ya yi amfani da wannan wajen rufe ɗigon tawada cikin ƙananan ƙwanso, aka shafe bayan takarda da su. Biro na dannawa, ƙwanson ya fashe, rubutu ya fito a takardar ƙasa. Takardar ta shiga kasuwa a 1954, kuma ita ce kakar littafin rasiɗin da ke fitar da kwafi ba tare da an sa baƙar takarda a tsakani ba. Masu haɗa magunguna suka ga cewa abin da ya rufe tawada zai iya rufe magani. A shekarun 1970 Peter Speiser a Zurich ya rage girman ƙwanson zuwa ma'aunin nanomita. Kaurin gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari, waɗannan ƙwayoyi kuwa wajen ɗari ɗaya ko biyu ne.

To me ya haɗa wannan da gado? Saƙon da ke cikin kowace ƙwayar halittar jiki, wanda ake kira DNA, shi ma folima ne, kuma cajinsa mai alamar ɗebewa ne, irin na ƙaro. Tsawonsa a ƙwaya ɗaya ya kusa mita biyu, jiki kuma yana naɗe shi ne a jikin wasu furotin masu cajin tarawa. Idan ana son aika gyararren saƙo cikin ƙwayar mara lafiya, ba a iya zuba shi tsirara a jini: sinadaran jini za su daddatsa shi cikin mintuna, wanda ya tsira kuma fatar ƙwayar za ta ture shi, don cajinsu iri ɗaya ne. Amma idan aka gauraya shi da folima mai cajin tarawa, sai su rungumi juna yadda jelatin da ƙaro suka yi, dogon zaren ya dunƙule ya zama ƙanƙanuwar ƙwaya da ke iya shiga.

An fara gwada wannan a 1965, lokacin da Vaheri da Pagano suka yi amfani da wani sukari da aka yi wa caji. A 1987 George Wu da Catherine Wu suka ɗaura wa folimar wata alama da ƙwayoyin hanta kaɗai ke ganewa, wato aka fara rubuta wa saƙon adireshi. A 1995 ɗakin binciken Jean-Paul Behr a Strasbourg ta Faransa ya fito da PEI, folimar da masana'antun takarda suka daɗe suna amfani da ita. Fifikonta shi ne, idan ƙwayar halitta ta haɗiye baƙon abu, takan rufe shi a wata 'yar jaka ta zuba masa tsami don ta narkar da shi, PEI kuwa na taimaka wa saƙon ya fasa jakar ya fita kafin a cinye shi. Aibinta kuma shi ne wanda ya kori ƙaro daga jijiya: ba ta narkewa, tana da guba idan ta yi yawa. Saboda haka a 2000 David Lynn da Robert Langer na MIT suka ƙera wasu da ruwan jiki ke wargaza su bayan sun gama aiki. A 2010 ƙungiyar Mark Davis ta Caltech ta nuna cewa ƙwayoyin folima da aka ɗura wa masu ciwon daji ta jijiya sun isa cikin ƙarin, sun kuma yi aikin da aka aike su.

Duk wannan wahala ana shan ta ne saboda ɗaya hanyar, wato amfani da bairos da aka cire wa dafi, tana da nata haɗarin. Bairos gwani ne wajen shiga ƙwayar halitta, amma yana da tsadar haɗawa, ba ya ɗaukar dogon saƙo, garkuwar jiki kuma tana iya tasar masa. A Satumban 1999 Jesse Gelsinger, matashi ɗan shekara 18, ya rasu a wani gwaji a Jami'ar Pennsylvania saboda haka, fannin gaba ɗaya ya ja baya na shekaru. Gaskiya kuma ita ce, zuwa yanzu ƙwayoyin kitse sun riga na folima isa kasuwa. Da su aka naɗe maganin Onpattro da aka amince da shi a 2018, da su kuma aka yi rigakafin korona na Moderna, wanda Nijeriya ta karɓi kimanin miliyan 4 nasa a Agustan 2021. Duk wanda aka yi wa wannan allura a Tambuwal ko Kebbe, irin wannan ƙanƙanuwar ƙwaya ta riga ta shiga damtsensa.

Babu inda zancen nan ya fi shafa kamar gidajen da ke da mai amosanin jini. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, an ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara, kusan mutum ɗaya cikin huɗu kuma na ɗauke da rabin gadonta. Duk uwar da ta kwana tana gasa wa ɗanta ƙashi da ruwan ɗumi a sanyin hunturu ba ta bukatar a yi mata bayanin alƙaluma. Tushen ciwon kuskuren harafi ɗaya ne tak a saƙon da ke gina sinadarin jan jini. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke sake kunna irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Yana aiki. Amma sai an zuƙo ƙwayoyin ɓargon mara lafiya, a kai su ɗakin bincike a gyara, a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya share tsohon ɓargon, sannan a mayar masa da gyararrun, ya yi makonni a ɗaki na musamman. Kuɗinsa dala miliyan 2.2, sama da naira biliyan uku a canjin 2025. Ko dashen ɓargo na asali, wanda aka fara yi wa mai sikila a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Benin a 2011, ya fi ƙarfin kusan kowa. Maganin da manomin Jabo ba zai taɓa iya kusantarsa ba bai gama zama magani ga ƙasar da ciwon ya fi yawa ba.

Shi ya sa hankali ya koma kan a yi gyaran a cikin jiki, da allura, ba tare da an fitar da ɓargo ba. A 2019 Hukumar Binciken Lafiya ta Amurka da Gidauniyar Gates suka yi alkawarin dala miliyan 100 kowannensu don neman irin wannan magani ga sikila da ƙanjamau, da niyyar ya isa Afirka. Tun kafin nan, a 2016, Mark Saltzman da Peter Glazer na Jami'ar Yale sun ba da rahoton ɗura wa ɓeraye masu talasimiya, 'yar uwar sikila, ƙwayoyin PLGA, folimar da ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da irinta. Kaso kaɗan ne na ƙwayoyin ɓargon ya gyaru, amma jinin ɓerayen ya inganta. A 2023 masu bincike a Philadelphia suka isar da saƙo ga ƙwayoyin ɓargon ɓeraye da ƙwayar kitse mai adireshi. Babban abin da ke tare hanya har yanzu hanta ce, wadda ke tsince mafi yawan abin da aka ɗura kafin ya isa ƙashi.

Shi ƙaro kansa, bai kamata a ɗora masa abin da ba nasa ba. Cajinsa iri ɗaya ne da na DNA, don haka ba zai rungume ta ba sai an sauya masa siffa ko an haɗa shi da wata folimar. Inda ya fi nuna kansa shi ne tsohon aikinsa na tsaro: Kattesh Katti a Jami'ar Missouri ya lulluɓe ƙwayoyin zinariya da shi, aka gwada su a kan ciwon dajin prostate a ɓeraye da karnuka. A Khartoum kuma, a 2015, an wallafa wani ƙaramin bincike da aka ba masu sikila 47 giram 30 na ƙaro kullum har mako goma sha biyu, aka ga jinin jarirta ya ɗan ƙaru a jikinsu. Binciken ba shi da rukunin da za a kwatanta da shi, saboda haka bai isa a ce wa kowa ya ajiye maganin asibiti ba. Ya dai isa ya zama aiki ga tsangayoyin haɗa magunguna na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello, waɗanda itacen ke tsirowa a bayan katangarsu.

Abin da zai sa folima ta dace da wuri irin Kebbe, idan ta yi nasara, ba wani abin mamaki ba ne. Tana da arhar haɗawa a kan bairos, ana iya maimaita allurarta, kuma wasu nau'o'inta ana busar da su su zama gari a jiƙa lokacin bukata. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga asibitin da wuta ke zuwa masa jefi jefi, idan aka tuna cewa rigakafin korona na Pfizer da farko sai a sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifili ake ajiye shi. Mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje suna matakin dabbobi. Abin da ke hannun iyaye a Jabo a halin yanzu shi ne gwajin jini kafin aure, wanda Kano ta mayar doka a 2024, da gidan sauro da rigakafi, da ƙwayar hydroxyurea mai ƙara jinin jarirta ga wanda likita ya rubuta wa, sai kuma motar haya zuwa Asibitin Koyarwa na Sakkwato duk ranar da ciwon ya tashi ya fi ƙarfin asibitin kusa.